Babban Inji a Ƙaramar Mota: Ina Za a Sa Fanka?

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane da babu abin da ke ba su sha'awa kamar su sayi tsohuwar mota ta zamanin kakanninsu, su kwance ta kaf, su yar da duk abin da ke ƙara mata nauyi, sa'an nan su dasa mata injin da ya ninka nata ƙarfi sau huɗu ko biyar. Irin wannan mota ita suke kira hot rod. Abin ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930, lokacin da samari ke kai tsofaffin motocin Ford busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage don a ga wanda ya fi gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abin ya bunƙasa, har a 1948 aka fara buga mujalla mai suna Hot Rod.

Motar da suka fi ƙauna ita ce Ford ƙirar 1932. Ta zo da inji mai silinda takwas, mai ƙarfin doki 65. A yau da yawa sukan cire shi su sa na Chevrolet, irin wanda aka fara ƙerawa a 1955, wanda idan an gyara shi yakan haura doki 300. To, a nan ne gizo ke saƙa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙone ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, kuma babban inji babban zafi yake haifarwa. Hancin wannan mota kuwa siriri ne, lagiretonta ɗan tsukukke, kuma da zarar sabon injin ya zauna, wani lokaci abin da ya rage tsakaninsa da lagireto bai wuce faɗin yatsu uku ba.

A busasshen tafki wannan ba damuwa ba ce, domin mota mai gudu iska ce ke shigar ta da kanta. Fanka ba ta da wani aiki sosai idan gudu ya wuce kilomita 60 a awa. Aikinta yana nan a cunkoso da wurin jiran danja, inda inji ke aiki amma mota ba ta motsi. Nan ne allura ke haurawa, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Mutum ya shekara biyar yana gina mota, ya kashe dukiya a fenti da kujeru, rabin awa ta raba shi da injin.

Fanka iri biyu ce. Akwai wadda bel ke juyawa tare da famfon ruwa, akwai kuma ta lantarki. Ta bel ba ta cika lalacewa ba, amma saurinta na inji ne, wato a daidai lokacin da aka fi bukatarta, mota na tsaye, a lokacin ne take juyawa a hankali. Ga shi kuma a hot rod sau da yawa tsakiyar famfon ba ta daidaita da tsakiyar lagireto, sai fankar ta riƙa kaɗa iska a gefe. Shi ya sa yawancin magina suka koma ta lantarki, galibi mai faɗin inci 16, wadda ake iya ɗorawa duk inda wuri ya samu.

Ita ma tana da nata sharuɗɗa. Wadda ke bayan lagireto tana janyo iska ta fi wadda ke gaba tana turawa, saboda ta gaba jikinta yakan tare iskar hanya. Ana sa ta gaba ne kawai idan babu wuri a baya sam. Kuma kada a ruɗu da cewa juya waya kaɗai ya isa ya mai da mai turawa ta zama mai janyowa. Fikafikan suna da lanƙwasa ta gefe guda. Idan ba a juya su ba, za ta yi ta ƙara amma iskar kaɗan ce. Gwajin ba wuya: a kunna ta, a kawo takarda gaban lagireto. In takardar ta manne, iska na bin hanyarta.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, a ganina, shi ne wanda aka fi rainawa: murfin nan mai kama da mazurari da ke rufe bayan lagireto ya bar wa fanka zagayen rami. Iska malalaciya ce, inda ya fi sauƙi take bi. Idan babu murfin, fanka za ta janyo iska daga gefe, daga cikin ɗakin inji mai zafi, kusurwoyin lagireto kuma su zauna babu aiki. Ƙaramar fanka mai murfi takan kayar da babba marar murfi. Idan ta bel ce, a bar rabin fikafikan a cikin ramin, rabi a waje, a kuma bar tazarar kamar inci guda tsakaninsu da lagireto, don inji yakan yi rawa a kan kujerarsa. Igiyoyin roba da ake cusawa ta cikin saƙar lagireto a ɗaure fanka kuwa, arha ce mai tsada, domin girgiza takan sa su goge bututun har ya yoye. Mai walda ya yi mata ƙafafu na ƙarfe.

Saura wuta. Babbar fanka takan ja amfiya 20 ko fiye, kuma lokacin tashi ta fi haka. Tsohon dainamo mai ba da amfiya 30 ba zai riƙe ta tare da fitilu ba. Sai an yi mata waya mai kauri daga batir, da fis nata, da rile, da maɓallin zafi da zai tashe ta da kansa idan ruwa ya kai wajen digiri 90.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da wasan masu kuɗin Amurka? Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine a Kumasi, ko ya je neman inji a Abossey Okai a Ankara, ya san dasa injin wata mota a jikin wata aikin yau da kullum ne a wurin fitocinmu. Bambancin kawai, su don sha'awa, mu don neman abinci. Sau nawa ake sa wa torotoro sabon inji, murfin fanka bai shiga ba, a jefar da shi bayan shago? Sau nawa ake cire tamostat a ce ƙasarmu da zafi? Cire shi ba ya ƙara wa lagireto iska ko kaɗan. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba da safe, ya sha mai, ya ci kansa. Direban da zai hau hanyar Tamale a watan Maris, kafin ya biya kuɗin aiki, ya sa a bar motar tana aiki a tsaye minti ashirin, bonet a rufe, idonsa a kan allura.