Yadda duniyar Mushtari ke sauke kayan da suka yi mata nauyi

Wannan tauraro mai haske da ake kira Mushtari, wanda turawa ke ce wa Jupita, shi ne babba cikin duniyoyin da ke zagaye rana. Yana da ƙarfin maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, da ya fi na kowace duniya, kuma wannan ƙarfi yana miƙewa can nesa kamar zaruruwan da ido ba ya gani.

Kusa da shi akwai wani wata mai suna Io, cike da duwatsu masu aman wuta. Kowace daƙiƙa yana zubar da iska kimanin tan 1 a sarari. Iskar nan takan ɗauki cajin lantarki, ta zama abin da masana ke kira filazima, sai zaruruwan maganaɗisu su riƙe ta.

To, Mushtari yana kammala juyawa cikin awa 10 kacal. Kun san majajjawar korar tsuntsaye a gonar hatsi: in an wulwula ta da ƙarfi, dutsen waje yake nema. Haka filazimar ke ja waje, zaruruwan su yi ta miƙewa a gefen da ba ya kallon rana, har su tsinke, su sake haɗewa ta wata fuska. Nan take dunƙulen filazima ya kuɓuce, ya bi doguwar wutsiyar maganaɗisun da ke kaiwa har hanyar duniyar Zuhal. Kumbon Galileo na hukumar NASA ta Amurka, da ya zagaye Mushtari daga 1995 zuwa 2003, ya ga alamun hakan duk bayan ƴan kwanaki. Kumbon Juno ya isa can a 2016 ya ci gaba da awo.

Mene ne ruwanmu? Irin wannan tsinkewa da haɗewa tana faruwa a saman duniyarmu ma, sai dai a nan iskar da ke fitowa daga rana ce ke haddasa ta. In guguwar rana ta yi ƙarfi, rediyon gajeren zango yakan shaƙe, GPS ya rikice. A watan Maris na 1989 ta ɗauke wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada har awa 9. Abin da masana ke koya a Mushtari yana taimaka musu su fahimci irin wannan guguwa a nan gida.