Kifin Zobe Da Ƙaguwa: Abin Da Wuta Ke Gyarawa Da Abin Da Ba Ta Gyarawa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, cikin shekarar 1983, kifi ya yawaita a ƙasar Dutsin-Ma. Manomi in ya taso daga gona ya kan jefa fatsa don nishaɗi, ya komo gida da tarwaɗa ko karfasa. A ƙasar Kurfi kuwa, in kaka ta wuce tafkuna suka ja baya, sai yara su faɗa ciki, su yi ta kamun kifi da ƙaguwa. Wannan arziki ne daga Allah, amma akwai abu biyu da ya kamata kowa ya rarrabe, watau tsutsa da guba.

Tsutsa, wuta na kashe ta. Ƙaguwar ruwan daɗi ta kan ɗauki wata ƙaramar tsutsa wadda ido ba ya gani. Wanda ya ci ta ba ta nuna ba, tsutsar na iya zuwa huhunsa, ya dinga tari da jini, har a zaci tarin fuka ne. Haka ya faru a gabashin Nijeriya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwa ba dahuwar kirki. Saboda haka kada yara su babbake ta sama-sama a bakin tafki. A dafa ta a tafasasshen ruwa har ta nuna sarai. Wadda aka tsinta matacciya, a yar.

Kifi kuma a fiɗe shi nan da nan, a zubar da kayan ciki, a wanke da ruwan rijiya, a dafa har tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙaya. In ya yi yawa, a kyafe shi a ranar, kada ya kwana ɗanye. Wanda idonsa ya dushe, jikinsa ya yi taushi, ya ɓaci ke nan.

Guba fa, ba wutar da ke fid da ita. Waɗansu su kan zuba maganin ƙwari irin su Gamalin cikin ruwa, kifi ya taso birjik, su kwashe. Ko an soya shi, ko an yi banda, gubar tana nan. Kifin da aka gani yana yawo matacce bisa ruwa, kada a taɓa shi. Haka nan kada a fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don tsoron ƙwaro, kada kuma a wanke tulun feshi a tafki.

To, dagatai da masu unguwa, wannan aiki naku ne. Mai gida na iya tsare tukunyarsa, amma ruwan gari sai shugaba. Ku tara jama'a ku gaya musu, ku hana zuba guba. Yaron da ke shiga ruwa in ya fara fitsarin jini, tsargiya ce, tana da magani, a kai shi asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.