Ranar da Muka Yi wa Sabon Gini Ruwan Sama da Tiyo

Makona biyu da fara aikin sanin makama a wani sabon bene a Manchesta, shugaban aikinmu ya miƙo mini tocila, ya ce in shiga ɗaki in zuba wa taga ido. Daga waje kuma wani abokin aikinmu ya tsaya riƙe da tiyo. A Kano inda na taso, in an kafa taga ta buɗe ta rufe, aiki ya ƙare, sai damina ta zo ta tona asiri. A nan Ingila kuwa, da gangan ake jiƙa manyan gine-gine kafin a miƙa su.

Gwajin yana da ƙa'ida. Tiyon yana fitar da lita 22 a minti ɗaya, ana riƙe bakinsa santimita 30 daga gilashi, kuma kowane mita ɗaya da rabi na mahaɗar gilashi da firam sai ya sha ruwa na minti 5. Daga ƙasa ake farawa a yi sama, domin in aka fara daga sama, ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, a kasa gane inda ya shiga. Ƙofofi da tagogin da ake buɗewa ba a sa musu tiyo, ƙarfinsa ya fi ƙarfin robarsu. Bututu mai ƙananan bakuna ake ratayawa ya yi musu yayyafi.

A taga ta uku na ga ɗigo ya taru a kusurwa, ya bi bango. Da aka duba, sai aka tarar wani ma'aikaci ya toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan firam da silikon, a zatonsa gyara ya yi. Ashe ramukan nan su ne magudanar da ke mayar da ruwa waje. Aka buɗe su, aka sake gwaji, ko ɗigo bai shigo ba.

Yoyon taga ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke jiƙa bango, danshi kuma ya haifar da fumfuna. A shekarar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale, kusa da mu, kuma bincike ya tabbatar cewa fumfunar gidan hayarsu ce ta yi ajalinsa.

Yawancinmu a ƙasar nan 'yan haya ne, shi ya sa nake ba 'yan uwa shawara. Raɓar da ke kwanciya a kan gilashi da safiyar sanyi tururin cikin gida ne, buɗe taga yana rage ta. Amma jiƙar da ke bayyana a gefen firam duk lokacin da aka yi ruwa da iska, yoyo ne. Ɗauki hoto, ka rubuta wa mai gidan, ka ajiye kwafi. Kada ka ce za ka liƙe da kanka.