Hutun Kwana Uku: Daga Titunan Roma Zuwa Hanyar Shinkafi

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara samun gindin zama a tsakanin ma'auratan da Allah Ya hore wa abin hannu a Arewa. Miji da mata su ɗauki hutun kwana uku ko huɗu, su bar yara wajen kakanni, su nufi Roma ko Faris, su ci abincin mutanen can, su zaga tsofaffin gine-gine, su dawo da hotuna a Facebook. Na ji masu yi musu kallon almubazzarai, amma ni ba na cikinsu. Macen Bahaushe ta daɗe ba ta san tafiya ba sai ta biki, ko suna, ko ta'aziyya, ko jinya, kuma ko a nan cikin ayari take, ita ce mai goyo, ita ce mai lura da kwanuka. Idan yau an sami mijin da zai fita da matarsa don su ga duniya tare su yi hira ba mai katse su, wannan abin a yaba ne.

Damuwata ita ce irin wannan hutu ya zama sai mai kuɗin jirgi. Kuɗin neman bizar shiga ƙasashen Turai kaɗai ya kai Yuro 90 tun daga 2024, ba a zo maganar tikiti da masauki ba, kuma in an hana ka bizar ba a maido maka ko sisi. Malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci fa? Da can yana da inda zai je da motar haya. Ni shaida ne, domin a hunturun 2009, shekarar farko ta aurenmu, ni da maiɗakina mun yi kwana uku tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ba don gaisuwar kowa ba, sai don ta ga ƙasar da take jin labarinta a bakina. Ita Bazazzagiya ce, ba ta taɓa wuce Gusau ba.

A Ƙaura muka sauka. Na fara kai ta tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tuƙe a 1929. Turawa ba su ja shi zuwa nan don son mutanen garin ba; gyaɗa da auduga suka biyo. Amma dogon ne ya jawo 'yan kasuwa daga Kudu da sauran garuruwan Arewa, ya mai da garin da Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, ya bar wa sunansa wata matattarar fatauci. Muka tsaya a bakin gulbin Gagare, muka leƙa harabar Kwalejin Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1983, sannan yunwa ta kore mu kasuwa.

A nan ta fara cin hoce. Wata dattijuwa ce ta ɓarɓasa shi a ƙwarya, ta zuba garin ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai, ta miƙo mata tana cewa, "Amarya, ci datu ki ji, wanga ba irin kwaɗon garinku ba na." Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, me ta ce?" Sai da na fassara mata Zamfarci da Hausar Zariya, masu rumfa suna ta dariya. Hoce ba abincin ado ba ne. Garin dawa ne aka gasa ya yi tauri, abincin manomi da matafiyi, wanda zai kwana a jaka bai lalace ba. Mutanen Italiya sun ɗauki abincin talakawansu, gurasa da tumatir da cuku, sun sa duniya tana bin layi a kansa. Mu kuwa ɗan boko kan ji kunyar a gan shi da ƙwaryar datu.

Ranar Alhamis muka yi sammakon Shinkafi, domin ranar ce kasuwarta ke ci. Wanda bai ga wannan kasuwa a wancan lokaci ba zai ɗauka ina ƙari ne. Raƙuma da shanu daga Nijar, buhunan gero da wake, albasar fadama, Buzaye da rawunansu, fataken Kudu suna lodin manyan motoci. Muka sha fura da nono mai kauri a hannun wata Bafillatana, da yamma muka ci balangu a tsaye. Ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa ta Zurmi zuwa Sakkwato a 1853, ya tsaya a kasuwar Badarawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi, ya rubuta yawan jama'arta da audugar da ake hadahada a cikinta. Kafin shi, Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824. Wato Turawan da jikokinsu muke zuwa kallon garuruwansu, su ma sun taɓa zuwa kallon namu.

Zurmi ba mu daɗe ba. Yini guda ne, muka ga ƙofar fada da gulbin Bunsuru, muka ci tuwon dawa da miyar sure a gidan wani abokin karatuna, muka komo Ƙaura bayan magariba ba tare da faɗuwar gaba ba.

Yau babu mai hankalin da zai ɗauki iyalinsa ya bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, bayan faɗuwar rana don nishaɗi. Da rana ma sai an tambayi direbobi yadda hanya ta kwana. A watan Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙasar Zurmi suka tafi da mutane. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi. Idan ana lissafin asarar wannan masifa, rayuka da dabbobi da gonaki ake ƙirgawa, kuma su ne kan gaba. Amma akwai mai datu da mai fura da direban tasha, waɗanda cinikinsu ya dogara ga baƙon da zai tsaya ya ci ya wuce. Akwai kuma ɗalibaina 'yan asalin yankin, waɗanda suka tashi a Gusau ko Kaduna, suna iya kwatanta hasumiyar Eiffel daga wayarsu, amma ba su taɓa taka Badarawa ba.

Barth da Clapperton sun rubuta yadda ayari ke keta dajin Gundumi dare da rana ba hutawa saboda tsoron mahara, sannan daga baya aka yi zamanin da mutum zai bi hanyar shi kaɗai a kan keke. Saboda haka ban yarda cewa halin yau ya zauna ke nan ba. Sai dai kafin hanya ta buɗe akwai aikin da bai buƙatar rakiyar soja. Sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Gusau da Sakkwato suna iya tura ɗalibai wajen tsofaffin matan da rikici ya koro cikin Ƙaura da Gusau, su ɗauki bayanin yadda ake hoce da sauran cimar ƙauyukansu, da sunayen kasuwannin da suka daina ci da ranakunsu. Hukumar jiragen ƙasa da gwamnatin jiha kuma su hana tsohuwar tashar Ƙaura rushewa, domin a 2029 za ta cika shekara 100.