Yadda Ake Gano Auren Kakanni a Ingila

A Ingila, in mutum yana so ya san asalinsa, ko ya tabbatar da hakkinsa na gado, ba ya tsayawa ga labarin tsofaffi kaɗai, littattafan aure yake bi. Amma wanda bai san hanya ba sai ya yi ta wahalar banza, ko kuwa ya ɗauko kakan wani ya ce nasa ne. Tambayar farko ita ce: kafin 1837 aka ɗaura auren, ko bayanta?

In kafin 1837 ne, to, sai littattafan coci. Tun 1538, zamanin Sarki Henri na Takwas, aka umurci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'izar da aka yi a yankinsa. A 1598 aka ƙara cewa a riƙa aika wa bishop kwafi kowace shekara. Wannan dabara ta yi rana, don sau da yawa in wuta ko laima ta ci littafin, akan sami kwafin. Daga 1754 kuwa doka ta ce aure bai ɗauru ba sai an yi shi a Cocin Ingila, ban da na Yahudawa da na 'yan ɗarikar Kweka. Ango da amarya da shaidu su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama. Yawancin littattafan nan yanzu suna ofisoshin ajiyar takardu na larduna.

Ran 1 ga Yuli, 1837, gwamnati ta fara rajistar kanta a Ingila da Wels. Aka raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace da magatakardanta, bayan wata uku uku a aika kwafi Babban Ofishin Rajista, a shirya fihirisa. A nan mutane ke ruɗewa. Fihirisar ba ta faɗin ƙauye ko coci, sai sunan gunduma da lambar littafi da ta shafi. Gunduma guda kuwa ta ƙunshi yankunan coci da dama, kamar yadda hakimi ke da dagatai a ƙarƙashinsa. Saboda haka in ka ga sunan garin da kakanka bai taɓa zama ba, kada ka ja da baya, watakila ƙauyensu a ƙarƙashinsa yake. A tuna kuma, galibi a yankin amarya ake ɗaura aure.

Sai a 1912 aka fara rubuta sunan dangin abokin aure a fihirisa. Kafin nan dabarar ita ce a nemi ango daban, amarya daban. In gunduma da littafi da shafi suka zo ɗaya, an kusa dacewa, sa'an nan a sayi takardar shaida. Ita ce za ta nuna rana da wuri, da sana'ar ango, da sunayen ubanninsu da na shaidu. Sunan uwa bai shiga ba sai a 2021.

Darasin ɗalibin tarihi a nan shi ne, suna kaɗai ba hujja ba ne, masu suna ɗaya suna da yawa. Sai suna da wuri da shekara da sunan uba sun haɗu kafin a ce an gano.