Ƙoramar Bayan Gida Tana Iya Ba Da Lantarki, Amma Rani Ne Alƙali

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kunna janareto ya zama abin da magidanci ke yi wa lissafi kafin ya ja igiya. A ƙauyuka kuwa da yawa ba su taɓa ganin turken lantarki ba. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar gwamnati. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai gona ya tsaya bakin ƙoramar da ta ratsa gonarsa, ya ga ruwa yana kwarara dare da rana, ya tambayi kansa ko za a iya samun wuta daga gare shi.

Amsar ita ce ana iya samu, kuma an daɗe ana samu. Sai dai akwai sharaɗi, watau a auna ruwan a tsakiyar rani kafin a kashe ko kwabo. Tarihin gidan da ya fara yin wannan aiki a duniya ya isa ya nuna dalili.

Gidan Cragside

A arewacin Ingila, kusa da wani gari da ake kira Rothbury, akwai wani gida mai suna Cragside. Mai gidan, William Armstrong, attajiri ne na birnin Newcastle wanda ya fara da aikin lauya, daga baya ya koma ƙere-ƙere, ya yi suna wajen ƙera injunan ɗaga kaya masu aiki da ƙarfin ruwa da kuma manyan bindigogi. A shekarar 1863 ya yi wani jawabi inda ya gargaɗi mutanen ƙasarsa cewa kwal ɗin da suke taƙama da shi zai ƙare wata rana. A wannan shekara ce kuma ya fara gina gidan a kan wani tsauni.

A 1878 ya kafa farfelar ruwa a ƙarƙashin wani tafki da ke cikin filinsa, ya haɗa ta da injin lantarki na kamfanin Siemens, ya ja waya fiye da kilomita guda zuwa gida. A ƙarshen 1880 aka sa wa gidan ƙwayayen fitila irin waɗanda abokinsa Joseph Swan ya ƙirƙiro. Ta haka Cragside ya zama gida na farko a duniya da aka haskaka da lantarkin ruwa.

Abin lura shi ne Armstrong bai dogara ga ƙoramar yadda ya same ta ba. Tafkuna biyar ya gina a cikin filin nasa domin ya tara ruwan da zai yi aiki da shi idan sama ta ɗauke. A 1886 ya gina sabon ɗakin inji wanda ruwa ke gangaro masa daga tafkunan da ke kan tudu, tazarar kimanin mita 100. Duk da haka daga baya sai da aka ƙara injin gas domin lokacin da ruwa ya yi ƙaranci. Idan a Ingila, ƙasar da ake ruwa kusan kowane wata, sai da aka yi wannan tanadi, to mai gona a ƙasar da sama ke ɗaukewa wata shida ko bakwai ya fi kowa bukatar yin tunani.

Gidan yana hannun hukumar adana kayan tarihi ta National Trust tun 1977. A 2014 hukumar ta sake maido masa da lantarkin ruwa, ta kafa wata na'ura mai kama da ƙaton sukuru, tsawonta mita 17, wadda ruwa ke juyawa yana gangarawa, tana ba da wuta har kilowat 12.

Yadda ruwa ke zama wuta

Abu biyu ne kawai ke ƙayyade yawan wutar da ƙorama za ta bayar. Na farko yawan ruwan da ke wucewa a kowane sakan. Na biyu tsawon tazarar da ruwan ke faɗowa daga sama zuwa inda inji yake. Kogi mai faɗi da ke tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana iya kāsa yin abin da siririyar ƙorama mai zubowa daga kan dutse za ta yi.

Lissafin ba shi da wuya, ɗalibin sakandare ma zai iya. A ninka litar ruwan da ke wucewa a sakan guda da mitocin faɗowarsa, sa'an nan a ninka da 9.8, a sami ƙarfin da ke cikin ruwan a ma'aunin wat. To, amma kusan rabi yana salwanta a cikin bututu da farfela da inji da waya, don haka masu wannan aiki sukan ninka da 5 kawai idan injin ƙarami ne. Misali, ƙorama mai lita 20 a sakan, wadda ke faɗowa mita 10, za ta ba da kimanin wat 1,000, watau kilowat guda. Idan kuwa faɗowar mita 2 ce kawai, sai an sami lita 100 a sakan kafin a kai wannan adadi.

Kilowat guda kamar kaɗan ne, amma ba ya tsayawa. A cikin awa 24 yunit 24 ke nan, abin da sai an kafa faifan hasken rana mai ƙarfin kusan ninki biyar kafin a tara irinsa a yini. Ya isa ya riƙe fitilu da fankoki da firiji na babban gida, har a yi cajin wayoyin maƙwabta, ba tare da an sayi ko lita guda ta mai ba.

Aikin ginin kansa ba ya bukatar babban dam. Akan yi 'yar madatsa a saman ƙoramar a karkato wani sashe na ruwan, a bi da shi ta wani ɗan kududdufi inda yashi da laka za su kwanta, a tace ganye da itace da raga, sa'an nan ya shiga bututu ya gangara da ƙarfi ya bugi farfela. Farfelar ce ke juya injin lantarki. Daga nan ruwan ya koma cikin ƙoramarsa, ba a rage shi ba, ba a gurɓata shi ba. Inda faɗowa ke da tsawo kuma ruwa kaɗan ne, akan yi amfani da farfela mai cokula wadda Ba'amurke Lester Pelton ya yi wa rajista a 1880. Inda ruwa ke da yawa amma faɗowa gajere ce, irin sukurun nan na Cragside ya fi dacewa. Akwai kuma na'urar daidaita wuta, wadda ke karkata rarar lantarki zuwa tukunyar dafa ruwa idan an kashe kayan gida, domin kada injin ya yi gudun da zai ƙona fitilu.

Ba baƙon abu ba ne a Filato

Wannan aiki ba sabo ba ne a ƙasar nan, kuma ba gwamnati ce ta fara shi ba. Turawan haƙar kuza a tsaunukan Jos su ne suka kafa tashar lantarki a magangarar ruwa ta Kwall a 1923 domin injunansu. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tasharsa a magangarar Kurra, kusan shekara arba'in kafin a buɗe dam ɗin Kainji a 1968. Su ma sai da suka gina madatsun tara ruwa a kan tudu saboda rani. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba kuma akwai ƙaramar tasha mai kilowat 400 a dam ɗin Tunga, wadda aka kafa da taimakon hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya domin masana'antar ganyen shayi ta Kakara.

Duk waɗannan wurare abu guda ya haɗa su, watau tudu mai gangara da ruwan da ba ya yankewa. Ana samun irin wannan a Filato da Mambila da kudancin Kaduna da wasu sassan Nasarawa da Adamawa. A filayen Kano da Katsina da Sakkwato kuwa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, yawancin ƙoramu kuma kafin Janairu sun zama yashi.

Kallon kitse ake yi wa rogo

Nan ne mutane suke yin asara. Wanda ya dubi ƙorama a watan Agusta tana ambaliya, ya sayi inji bisa ga abin da ya gani, ya yi wa rogo kallon kitse. Ƙoramar nan mai lita 20 idan ta sauka zuwa lita 4 a watan Maris, wutarta ta dawo wat 200, babban inji kuwa ba zai ma motsa da wannan ruwa ba.

Awon bai fi ƙarfin kowa ba. A tare ruwan ya bi ta bututu guda, a tara bokiti mai lita 20, a duba agogo. Idan ya cika cikin sakan 4, lita 5 ke nan a sakan. A maimaita haka kowane wata har shekara ta zagayo, a rubuta a littafi, a kuma tambayi dattawan wurin yadda ƙoramar take yi a shekarar fari. Tsawon faɗowa kuma ana auna shi da tiyo mai ruwa a ciki irin na magina, mataki bayan mataki. Adadin da ya fi ƙanƙanta shi ne za a gina aiki a kansa. Damina ma tana da nata haɗarin, domin ambaliya guda tana iya tafiya da ɗakin inji idan an gina shi kusa da gaɓa, yashi kuma yana cinye farfela idan ba a share kududdufin nan a kai a kai. Haɗa wayoyi kuwa aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, gama ruwa da lantarki idan suka haɗu a jikin mutum ba sa barin rai.

Gona taka ce, ruwa na jama'a ne

Ta fuskar doka, Dokar Lantarki ta 2023 ba ta bukaci lasin ga wanda wutar da yake samarwa a wuri guda ba ta wuce megawat 1 ba, don haka mai ƙaramin inji a gonarsa yana da sarari. Amma maganar ruwa dabam take. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne da amfani. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 kuma ta ɗora ikon ruwayen da suka shafi jiha fiye da guda a kan Gwamnatin Tarayya. Ta yarda mutum ya ɗebi ruwa don sha da shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa, amma karkatar da ruwa don wani aiki dabam yana bukatar izini. Saboda haka ya kamata mai niyya ya tuntuɓi ma'aikatar ruwa ta jiharsa da Hukumar Raya Kogunan yankinsa tun kafin ya sa magini.

Bayan doka akwai haƙƙin maƙwabtaka. Tsakanin inda aka karkata ruwa da inda ya koma, ƙoramar takan ragu, kuma watakila a nan ne mata ke ɗiba, makiyaya ke shayarwa, masu lambu ke ja. Wajibi ne a bar musu rabonsu, musamman da rani, a kuma zauna da mai unguwa da dagaci a yi magana a fili. Injin da aka kafa bisa rigima ba ya daɗewa.

Ga wanda awonsa ya nuna ruwa na wata bakwai ko takwas ne kawai, ba a ce ya haƙura ba. Lokacin da gajimare ke rage ƙarfin faifan hasken rana shi ne lokacin da ƙorama ke cike, sa'ad da ta ƙafe kuma rana ce ke da ƙarfi. Haɗa biyun a kan batura guda yana iya riƙe gida shekara sukutum. Ko ta wace hanya za a bi, farkon aikin shi ne bokiti da agogo da littafi a bakin ƙorama cikin watan Maris.