Hular Ango

Jama'a, ku lura da ango ran da ya fito gaida mutane, ko a Dogon Daji, ko Tambuwal, ko Kebbe. Kome kyaun rigarsa, ba ya fita kai ba hula. A ƙasar Sakkwato tagiya mu ke ce mata. Ita ke nuna yaro ya zama magidanci.

Huluna iri iri ne. Akwai dara, ja wur, wadda fatake su ka riƙa kawowa daga Tunis da Tarabulus ta cikin hamada. Akwai haɓar kada mai rufe kunnuwa. Akwai ƙube, wadda a ke ɗinka wa ado da allura da zare, har maɗinki ya yi makonni a kan guda ɗaya. Shi ya sa ta ke da tsada. Akwai kuma doguwar nan da a ke kira Shagari. Ta sami sunan daga Alhaji Shehu Shagari, mutumin garin Shagari, nan kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Rawani kuwa sai a yi hankali da shi. A kan hula a ke naɗa shi. Fari shi ne harsa. Baƙin nan mai walƙiya shi ne ɗan Kura, don a Kura ta ƙasar Kano a ke rina shi da shuni, a buga shi har ya yi ƙyalli. Ya kan bar shuni a goshi, amma masu shi ba su damu ba, ado ne. Malami ya kan naɗa rawani, dattijo ma haka. Amma rawani mai kunne biyu na sarakuna ne da 'ya'yan gidan sarauta. Ango talaka ya fitar da kunnuwa, ya jawo wa iyayensa magana.

Wani ango ya kan sayar da damman gero tun kaka don hula ɗaya, damina ta zo ya shiga neman bashi da amarya a ɗaki. Alhali ba hula ke ɗaura aure ba. Waliyyi, da sadaki, da shaidu, da amsar wakilai, su ne aure. Wanda ba shi da hali ya kai tsohuwar hularsa ga mai wankin hula, a wanke, a ɗora ta a kan gungume ta bushe, ta miƙe. In ba ta, babban aboki ya ara masa tasa har a gama kwana bakwai.